Wasannin yaƙi na waya: shin wanda ba ya sa kuɗi yana da rabo?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambayata ga waɗanda suka riga ni nisa ce a wasan Rise of Kingdoms. Fadar garina ta kai mataki na 21, na fara horar da sojoji masu daraja ta huɗu, kuma har yau ban sa ko kwabo a wasan ba. Sai dai daga nan komai ya yi nauyi, domin ginin da a da ake gamawa cikin 'yan mintuna yanzu kwanaki yake ɗauka, ga shi kuma shugabannin ƙawancenmu suna ta cewa kowa ya shirya saboda yaƙin masarautu ya ƙarato. Abokaina da muke layi ɗaya a Kantin Kwari sun ce duk wanda ya zo wannan matsayi, ko dai ya fara sayen lu'ulu'u, wato kuɗin cikin wasan, ko ya haƙura ya koma ɗan kallo. Shin haka abin yake, ko akwai hanyar da mai wasa kyauta zai bi ya zama mai amfani a fagen daga?

Mai Gyaran Waya:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokanka rabin gaskiya suka faɗa maka. Ba za ka kamo wanda yake zuba daloli ba, wannan kam ka cire shi daga ranka, amma tsakanin kamo shi da zama ɗan kallo akwai fili mai faɗi. Abin da yake durƙusar da masu wasa kyauta shi ne rarraba ɗan abin da suke da shi a kan kwamandoji barkatai. Kwamanda mai launin zinare yana buƙatar sassaƙaƙƙun kawuna 690 kafin fasahohinsa su cika, alhali na ƙasa da shi, mai launin shunayya, 440 yake buƙata, kuma nasa kawunan sun fi sauƙin samu nesa ba kusa ba. Saboda haka ka cika Sun Tzu, kwamanda mai launin shunayya, tukuna, domin harinsa yana samun rundunoni da dama a lokaci guda, sannan ka riƙa sayen kawunan Aethelflaed kullum da lambobin yabon da ake samu a fagen gwaji, tun da ita ce ta zinaren da aka buɗe wa kowa hanyar cika ta ba tare da kuɗi ba. Lu'ulu'un da kake haƙowa a taswira ko kake samu daga 'yan ta'addan dajin wasan kuwa, kada ka ƙona shi wajen gaggauta gini. Ka zuba shi a matakin VIP, domin a mataki na 6 ake samun magini na biyu na dindindin, a mataki na 10 kuma ake fara ba ka kan zinare ɗaya kowace rana.

Ka kuma tsaya a kan nau'in soja ɗaya. Dakarun ƙasa suna rinjayar barade, barade suna rinjayar 'yan baka, 'yan baka kuma suna rinjayar dakarun ƙasa. Wanda ya ce sai ya ƙware a duka ukun da aljihun talaka, ba zai ƙware a ko ɗaya ba.

Baban Khalifa:
Malam mai gyara, shawararka ta ƙwararre ce, amma ka lura da abin da lissafinka da kansa ya nuna. Kai ɗaya a rana, kawuna 690, wato kusan shekara biyu ke nan a kan kwamanda guda idan da wannan hanyar kaɗai mutum zai dogara, alhali kamfanin yana fito da sababbin kwamandoji da suka fi na baya ƙarfi tun kafin ka gama da wanda ka fara. Ba kuskure ba ne aka tsara shi haka. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin Lilith da ke Shanghai, wanda ya fitar da wasan a 2018, yana biyan ma'aikata, yana biyan kuɗin talla, kuma Google da Apple suna yankar har kashi 30 cikin 100 na abin da aka saya ta kasuwarsu. Idan kuna son ku san girman wannan kasuwa, ku tuna cewa a 2016 Tencent na ƙasar Sin da abokan haɗin gwiwarsa sun biya dala biliyan 8.6 don mallakar fiye da kashi 80 cikin 100 na Supercell, kamfanin ƙasar Finland mai Clash of Clans, wasan da shi ma kyauta ake sauke shi.

Yawancin kuɗin nan daga hannun 'yan tsirarun masu hannu da shuni yake fitowa. To, me attajiri yake saya da kuɗinsa? Yana sayen fifiko ne a kan wasu, kuma fifiko ba ya yiwuwa sai da waɗanda za a fi. Mai wasa kyauta shi ne garin da za a ƙona, shi ne taron da zai yi tafi. Wannan shi ne aikinsa a tsarin, ko ya sani ko bai sani ba.

Mai Gyaran Waya:
Alhaji, ban musa maka tsarin ba. Amma shi ɗan'uwanmu bai tambayi yadda kamfani yake cin riba ba, ya tambayi yadda zai yi wasa ne, kuma wanda ya san tarko ya fi wanda bai sani ba iya kauce masa.

Malamin Lissafi:
Ina so in tsaya a kan akwatunan sa'a, wato waɗanda ba a san abin da ke cikinsu ba sai an buɗe, domin a nan ne kuɗin mutane ya fi zurarewa, a wannan wasa da ire-irensa. Tun daga 2017 ƙasar Sin ta wajabta wa kamfanoni su bayyana yiwuwar samun kowane abu a cikin akwati, Apple ya sa wannan sharaɗi a ƙarshen shekarar, Google kuma ya biyo baya a 2019. Don haka alƙaluman suna nan a cikin wasan ga mai son dubawa, matsalar ita ce yawancinmu ba mu iya karanta su ba.

Mu ɗauki Raid: Shadow Legends, tun da akwai masu buga shi a wannan zaure. Shuɗin dutsen da ake fasawa a ciro jarumi yana ba da jarumi mafi daraja da ake samu a cikinsa da yiwuwar rabin kashi ɗaya cikin 100, wato ɗaya cikin 200. Mutum yakan ji haka sai ya ɗauka idan ya fasa 200 lallai zai samu ɗaya. Ba haka ba ne. Kowace fasawa ba ta san abin da ya faru a ta bayanta ba. Idan mutum ya fasa 100, yiwuwar ya tashi hannu rabbana ta kai kusan kashi 61 cikin 100. Sai ya fasa 139 kafin damarsa ta kai rabi da rabi. Idan ma ya kai 200 cif, cikin kowane mutum uku fiye da ɗaya bai samu komai ba, kuma wanda ya samu ɗin ba lallai ne jarumin da yake nema ya fito masa ba.

Kamfanonin sun san wannan yana fusata mutane, shi ya sa suka ƙirƙiro tsarin rangwame. A Raid, yiwuwar tana fara hawa bayan an fasa 200 ba a samu ba. A Genshin Impact, inda yiwuwar take kashi 0.6 cikin 100, an tabbatar wa mutum zai samu babban rabo kafin ya wuce ja na 90, wato gwada sa'a karo na 90. A zahiri wannan sauƙi ne, amma ku dubi abin da yake yi wa zuciya: wanda ya kai ja na 70 sannan lu'ulu'unsa ya ƙare, ga kuma agogo yana nuna saura awa shida a janye jarumin daga kasuwa, zai ji kamar tsayawa ita ce asara. A daidai wannan lokacin ne ake tallata masa ƙunshi mai rahusa.

Ɗan Kurna:
Malam, lissafinka ba shi da gyara, amma ina ganin ana neman a haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Ni ina sayen ƙunshin wata, wanda yake ba da adadin lu'ulu'u sananne kowace rana har kwana 30, kuma ba na taɓa akwatin sa'a da kuɗi. Na san abin da na biya, na san abin da na karɓa. Duk ranar Asabar matasa suna cika gidajen kallo suna biya don su kalli ƙwallon Ingila, bayan minti 90 kowa ya tashi ba tare da ya riƙe komai a hannu ba, kuma ba wanda yake cewa an cuce su. Idan ni na zaɓi in kashe kwatankwacin wannan a kan wasan da nake jin daɗinsa wata guda cur, ban ga aibinsa ba. Masu zanen wasan ma ai ma'aikata ne, ba sadaka suke yi ba.

Baban Khalifa:
Ɗana, idan za ka tsaya a nan, babu mai ja da kai. Amma farashin waɗannan abubuwa da dala ake auna shi. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023, dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, a 2024 kuwa ta haura 1,500. Babban ƙunshin da ake sayarwa kusan dala 100, a wannan farashi ya kai naira 150,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ba'amurken da kake fafatawa da shi a masarauta ɗaya yana iya samun wannan kuɗi a aikin yini guda. Ga kuɗin data da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara da kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, ga kuɗin mai caji idan an ɗauke wuta. Wato kai ɗan Kano, tun kafin ka sayi komai ka riga ka biya, kuma ɗan abin da za ka ƙara ba zai motsa matsayinka a jerin masu ƙarfi ba.

Ɗalibin Ilimi:
Bambancin da ɗan'uwa na Kurna ya kawo shi ne ginshiƙin maganar a wajen malaman fiƙihu. Daga sharuɗɗan ingancin ciniki akwai sanin abin da ake saya da sanin kuɗinsa. Ƙunshin da aka rubuta abin da ke cikinsa ya cika wannan sharaɗi, sai dai a yi maganar almubazzaranci idan ya wuce ƙima ko ya taɓa haƙƙin iyali. Amma biyan kuɗi a kan akwatin da ba a san cikinsa ba, wanda zai iya fitar da abu mai tsada ko tarkace, wannan shi ne garari, kuma hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cinikin garari da cinikin jifa da tsakuwa, inda mai saye yake jefa tsakuwa ya ɗauki abin da ta faɗa a kai. Juya ƙafar sa'a, wato da'irar da ake juyawa a karɓi kyautar da ta tsaya a kai, da lu'ulu'un da aka saya da kuɗi ya yi kusa da wannan ƙwarai. A nan Kano mun ga yadda Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo a 2024, amma wannan nau'in yana cikin aljihun yaro, ba shi da shagon da za a garƙame.

Ɗan Kurna:
Allah ya gafarta Malam, ina da ja a kan kalmar caca. Ɗan caca yana sa kuɗi ne don ya ci kuɗi, shi kuwa jarumin wasa ba ya komawa naira. Wannan dalili ne ma ya sa gwamnatin Birtaniya a 2022 ta ƙi sanya akwatunan sa'a ƙarƙashin dokar caca, ta bar wa kamfanonin su gyara da kansu.

Ɗalibin Ilimi:
Ja mai kyau ne, kuma shi ya sa na fara da garari ban fara da caca ba, domin rashin sanin abin saye yana ɓata ciniki ko da babu maganar cin kuɗi. Bayan haka, ba dukan ƙasashe ne suka bi Birtaniya ba. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa akwatin da aka saya da kuɗi caca ne, har Nintendo ya janye Fire Emblem Heroes daga ƙasar a 2019 maimakon ya sauya tsarinsa. Japan, inda wannan salo ya yi ƙarfi tun farko, ta hana wani nau'insa a 2012, wanda ake sa mutum ya tara jerin kaya ta hanyar sa'a kafin a ba shi babbar kyauta. Kuma cewa jarumi ba ya komawa naira, ku da kuke cikin harkar kun fi ni sanin ana cinikin asusun wasa a ɓoye, kuma farashinsa yana hawa ne gwargwadon jaruman da ke ciki. Mukullan da wasan yake bayarwa kyauta kuwa, babu dukiyar da aka sa a haɗari wajen buɗe akwati da su, don haka ba su shiga wannan magana ba. Abin da ya rage a kansu shi ne lokaci, da kuma salla a kan kari.

Maman Ikram:
Ni ba na buga wasan, na shigo ne a matsayin uwa. Ɗana na aji biyar a sakandare yana buga wani irin wannan, kuma abin da ya fara jan hankalina ba kuɗi ba ne, barci ne. Sai na ga haske a ɗakinsu ƙarfe ɗaya na dare, da na tambaya ya ce a lokacin ne ranar wasan take sabunta, ana raba sababbin ayyuka da kyaututtuka. Daga baya kuma na ga an cire kuɗi daga katina da na taɓa sawa a wayar don sayen wani abu daban. Yaron bai ma ɗauka kuɗin gaske ba ne, domin a fuskar wayar lu'ulu'u yake gani, ba naira ba. Na ji an ce ƙasar Sin, wadda take ƙera da yawa daga cikin waɗannan wasanni, ta taƙaita wa 'ya'yanta lokacin yin su. Idan haka ne, mu me muke jira?

Mai Gyaran Waya:
Hajiya, haka ne. Tun watan Agustan 2021 dokarsu ta ce 'yan ƙasa da shekara 18 awa ɗaya kawai za su yi wasan intanet, daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Ƙarfe ɗayan da kika gani kuma gaskiya ya faɗa miki, domin wasanni da yawa suna bin agogon duniya ne, mu kuma muna gaba da shi da awa guda. Amma kyautar ba ta guduwa, tana nan har gari ya waye, don haka ba hujja ba ce ta hana ido barci. Game da kati, ki shiga saitin Play Store ki kunna neman kalmar sirri a kan kowane saye, ki cire katin gaba ɗaya idan ba kya bukatarsa a ciki, sannan ki haɗa wayarsa da manhajar Family Link, wadda za ta ba ki ikon amincewa da saye da kuma kulle wayar idan lokacin barci ya yi.

Tun da Malam ya ambaci cinikin asusu, bari in ƙara da abin da nake gani a kasuwar waya ta Farm Centre. Ana kawo mini wayoyi batirinsu ya kumbura saboda ana wasa da su suna jone da caji cikin zafin bazara, wannan mai sauƙi ne, ana canja batir. Wanda ba ya gyaruwa shi ne na wanda ya sayi asusu a hannun baƙo, bayan mako biyu mai shi na asali ya karɓe abinsa ta imel ɗin da ya buɗe shi da shi. Ba inda za a kai ƙara, domin ƙa'idojin wasannin sun haramta cinikin tun farko. Kuma ko asusunka na halak, aro ne a hannunka. Nintendo ya rufe Dragalia Lost a Nuwamban 2022 bayan shekara huɗu, duk abin da mutane suka tara a ciki ya tafi tare da shi.

Sarkin Yaƙin Hotoro:
Na jima ina karantawa, kuma a matsayina na ɗaya daga cikin masu jan ragamar ƙawance, ina ganin Alhaji Baban Khalifa ya rage wa mai wasa kyauta daraja fiye da kima. Gaskiya ne attajiri ne yake jagorantar gangamin kai hari da kwamandojinsa cikakku, amma gangamin ba ya cika da sojojinsa shi kaɗai, sai mutane da yawa sun zuba nasu. Tutocin da ake faɗaɗa ƙasa da su, talakawa ne suke gina su. Taimakon da ake dannawa don rage wa juna lokacin gini, yawan masu dannawa ne yake sa shi tasiri. Idan attajiri ya sayi ƙunshi, kowa a ƙawancen yana samun akwatin kyauta, don haka zama a ƙawance mai rai ya fi wa talaka duk wani ƙunshin da zai iya saya da kansa.

Akwai kuma wata daraja da mu 'yan nan muke da ita wadda kuɗi ba ya saya, ita ce agogo. Ƙarfe 5 na yamma a Kano sha biyun dare ne a Beijing da Manila, ga kuma mutanen gabashin Amurka suna tsakiyar aiki a lokacin. Daga la'asar zuwa bayan isha, sau da yawa mu da Turawan Yamma da Larabawa ne muke tsaron mashigu da ganuwa. Ƙawancen da ba shi da masu gadi a wannan tsakani yakan wayi gari an cinye masa tutoci.

Ɗan Fagge, abin da nake so ka riƙe kafin yaƙin shi ne asibiti. Sojan da ya ji mummunan rauni yana zuwa asibiti, idan asibitin ya cika kuwa duk wanda ya biyo baya mutuwa yake yi, kuma a nan ne ake rasa aikin watanni cikin dare ɗaya. Ka faɗaɗa asibitocinka, ka tara kayan gaggauta jinya maimakon ka kashe su yanzu, kuma kada ka kwanta ko ka tafi masallacin Juma'a garinka yana kusa da fagen daga ba tare da garkuwar zaman lafiya ba. Ka tuna garkuwar ba ta hawa nan take idan ka kai hari ko ka tura ɗan leƙen asiri, sai an ɗan jira, saboda haka ka daina faɗa tun kafin lokacin tashinka ya yi.

Baban Khalifa:
Sarkin Yaƙi, ka ƙarfafa maganata ne ba ka rushe ta ba. Gadi daga la'asar zuwa isha, danna taimako, gina tuta, lissafin garkuwa kafin a tafi masallaci, duk wannan aiki ne mai jadawali. Yaron da yake tsaron shago a Kwari, la'asar ita ce lokacin da baƙin ƙauye suke ɗaure kaya za su kama hanya. Idan idonsa yana kan mashigin da ake tsaro, wa yake duba ciniki?

Sarkin Yaƙin Hotoro:
Alhaji, wannan gaskiya ce, kuma saboda ita ne muka sa doka biyu a namu ƙawancen. Ba ma tambayar kowa nawa ya kashe, ba ma kuma sa wa kowa sharaɗin saye kafin ya shiga. Sannan gadi na karɓa-karɓa ne, awa ɗaya ga kowane rukuni, kuma 'yan kasuwa muna sa su ne bayan isha idan an rufe shaguna, ɗalibai kuma ba ma sa su a daren da washegari akwai makaranta. Wanda shugabannin ƙawancensa suke matsa masa ya saya ko ya kwana a farke, ya fita ya nemi wani, domin a kowace masarauta akwai ƙawance fiye da ɗaya. Muna da gurbi a rukunin ƙarfe 9 zuwa 10 na dare, kuma masu dakarun ƙasa muka fi buƙata, saboda baradenmu sun yi yawa. Duk mai so ya turo mini lambar masarautarsa da matakin fadarsa ta akwatin sirri, in duba ko ƙa'idar ƙaura za ta bar shi ya shigo kafin a rufe ƙofa.